Sayen sulken kendo na farko: yadda ake awo da inda ya kamata kuɗi ya tafi

Tambaya: Wani ɗalibi da ke karatu a wata jami'a a ƙasar Malesiya ya rubuto cewa ya yi wata huɗu yana koyon kendo, wato wasan takobin gora na Japanawa, kuma malaminsa ya sanar da shi cewa nan ba da jimawa ba zai fara saka kayan kariya. Babu shagon da ke sayar da kayan a garin da yake, don haka sai dai ya yi oda ta intanet. Yana son ya san irin wanda ya kamata ya saya da kuɗin ɗalibi, da yadda zai auna jikinsa, da ko gaskiya ne cewa mai matsattsen ɗinki ya fi inganci, da kuma ko gwanjo zai wadatar.

Amsa: Ɗan'uwana, barka da isowa wannan mataki, domin malamin kendo ba ya cewa ɗalibi ya nemi sulke sai ya ga takunsa ya daidaita, saransa kuma ya fara miƙewa. Amsata a dunƙule ita ce, sulken da ya zauna daidai a jikinka, ko da shi ne mafi sauƙin kuɗi a shagon da ya san aikinsa, ya fi maka alheri a kan mai tsada wanda ya yi maka yawa ko ya matse ka. A cikin kayan kuma, kwalkwali da safar hannu su ne suka cancanci mafi yawan kuɗinka da natsuwarka, domin sauran biyun, wato garkuwar ƙirji da ɗamarar ƙugu, ba su da wuyar sha'ani.

Kayan guda huɗu ne, kuma dole ka riƙe sunayensu na Japananci tun da yake da su za ka yi oda. Gaba ɗayansu ana ce musu "bogu". "Men" shi ne kwalkwali mai ragar ƙarfe a fuska, da katifar auduga da ta rufe kai ta sauko kan kafaɗu, da wani ɗan allo mai tauri a ƙarƙashin haɓa wanda ke kare maƙogwaro daga suka. "Kote" su ne safar hannu masu kauri da suka haura tsintsiyar hannu. "Do" shi ne garkuwar ƙirji da ciki, sai kuma "tare", ɗamarar ƙugu mai harsuna biyar, manya uku a waje da ƙanana biyu a bayansu. Ana danganta asalin waɗannan kaya ga Naganuma Kunisato, malamin takobi na makarantar Jikishinkage, wanda a wajen 1711 zuwa 1715 ya inganta kayan kariya da takobin gora domin ɗalibai su riƙa saran juna da cikakken ƙarfi ba tare da an raunata kowa ba. Wannan shi ne aikin sulken har yau, wato shanye bugun gora sau ɗaruruwa a kowane zaman atisaye, kuma duk abin da aka ƙara wa farashi wanda bai taimaka wa wannan aiki ba, kuɗi ne da ɗalibi zai iya bari a aljihunsa.

Batun ɗinki shi ne inda sabon mai saye ya fi ruɗewa, saboda haka zan ɗan tsaya a kansa. Katifar kwalkwali da ta safar hannu da ta ɗamara ana yin su ne da auduga da dannannen ulu, a lulluɓe da yadin auduga da aka rina da baba, sannan a bi da layukan ɗinki. Idan da keke aka ɗinka, ana faɗin tazarar da ke tsakanin layukan da milimita, daga 2 da 3 zuwa 4, 5, 6, 8, har 10. Idan kuwa ɗinkin hannu ne, da ma'aunin Japanawa mai suna "bu" ake lissafi, bu ɗaya kuma ya ɗan haura milimita 3, shi ya sa za ka ga an rubuta 1.2 ko 1.5 ko 2. Mai milimita 2 ko 3 ya fi tsada saboda ya fi cin zare da lokaci, yana da kyan gani, fuskarsa kuma ba ta saurin goguwa, don haka aka daɗe ana ɗaukar ƙaramar lamba a matsayin alamar inganci. Sai dai duk wanda ya taɓa lifidin dawaki a hawan Sallah ya san cewa abin da ke kare doki shi ne audugar da aka cusa da iskar da ke tsakaninta, ɗinki kuwa aikinsa ya riƙe audugar kada ta taru wuri ɗaya. Haka katifar sulken kendo take. Idan layukan ɗinki suka yi kusa da juna ƙwarai, sai su matse audugar ta zama sirara mai tauri, bugu ya ratsa kai tsaye zuwa ƙashi, ga shi kuma tana daɗewa ba ta yi laushi ba.

Akwai wani dalili da ya sa wannan ya fi shafar irinka. Mai fara saka sulke yawancin lokacinsa tare da sauran masu farawa yake atisaye, su kuwa ba su riga sun koyi tsayar da sara da matsar yatsu ba, da ƙarfin hannun dama suke dankarawa. Bugun gwani yana da kaifi amma ba ya nutsewa, bugun ɗan koyo kuwa nauyi gare shi. Saboda haka ɗalibi ya fi gwani bukatar katifa mai kauri. Shawarata ita ce ɗinkin keke mai milimita 5 ko 6, kuma 8 ma ba laifi idan shagon sananne ne. Ɗinkin hannu yana da nasa fifiko, domin allurarsa ɗigo-ɗigo take fitowa, tana barin audugar a kumbure tsakanin ɗigo da ɗigo, amma farashinsa ya ninka, kuma ba a nan ya kamata mutum ya fara ba. Ka sani kuma lambar ɗinki ba ta faɗin abin da ke cikin katifar: sulke biyu masu milimita 6 suna iya bambanta matuƙa. Hanyar gane wannan ita ce ka roƙi manyan ɗalibai a wurin atisayenku su ba ka kwalkwalinsu ka latsa tsakiyar kansa da yatsa, ka tambaye su inda suka saya da yadda bugu ke isa gare su.

Yanzu ga awon kwalkwali, wanda shi ne zuciyar maganar. Ragar ƙarfen babban mutum tana da sanduna 14 a kwance, kuma tazarar da ke tsakanin na shida da na bakwai daga sama ta fi sauran faɗi. Wannan tazara, da ake kira "monomi", ita ce tagar ido, kuma idanunka dole su faɗa daidai da ita alhali kanka yana tsaye sak. Idan ta yi ƙasa da idonka, ba tare da ka sani ba za ka riƙa ɗaga haɓa domin ka gani, maƙogwaronka ya buɗe, bayanka ya lanƙwashe. Idan ta yi sama, za ka riƙa sunkuyar da kai, sai saran da ya kamata gaban kwalkwali ya ɗauke ya riƙa sauka a tsakar kanka inda ya fi zafi. Mafi muni shi ne wannan karkata tana zama ɗabi'a, malami ya yi ta gyara tsayuwar ɗalibi wata da watanni alhali laifin na kwalkwali ne. Abin da ya sa nake matsa wa ɗalibai a kan wannan awo ke nan fiye da kowane abu.

Ka nemi tef irin na tela, ka kuma nemi wani ya auna ka, domin mai auna kansa yakan karkatar da tef bai sani ba. Ka tsaya sak, baki a rufe, haƙora a haɗe ba tare da cizawa ba. Awo na farko shi ne zagayen fuska: tef ya taso daga ƙarƙashin haɓa, ya bi gefen kumatu ta gaban kunnuwa, ya haɗu a saman kai. Wannan ne lambar da ake kiran girman kwalkwali da ita, kuma yawancin manya suna faɗawa tsakanin santimita 66 da 72. Na biyu shi ne zagayen kai a kwance, daga goshi sama da gira zuwa wurin da ƙeya ta fi turowa. Na uku shi ne tsayin da ke tsakanin layin ido da ƙasan haɓa, a miƙe, wanda ya fi kyau a auna da rula, kuma shi ne ke nuna wa mai shago inda tagar ido za ta faɗa. Tef ya kwanta a fata sosai ba tare da ya nutse ba. A maimaita kowane awo har sai lamba ɗaya ta riƙa dawowa. Kada ka ƙara santimita ko ɗaya da sunan rigakafi, domin masu ɗinkin sun riga sun yi lissafin ƙyallen da ake naɗawa a kai da laushin da katifa za ta yi. Shaguna suna ɗan bambanta a kan daidai inda tef zai bi a saman kai, don haka hoton awon shagon da za ka saya a wurinsa shi ne abin bi, kada ka ɗauki lambar da ka auna da tsarin wani shago ka kai wa wani.

Akwai abubuwan da takardar awo ba ta tambaya amma ya kamata ka faɗa. Ka auna da irin sumar da za ka riƙa atisaye da ita, domin cikakkiyar suma tana iya ƙara santimita guda ko fiye, ranar da ka yi aski kuma kwalkwalin ya fara rawa. Idan kana da gemu, a danne shi da tef yadda matashin haɓa zai danne shi. 'Yar'uwa mai kitso ko mai saka siririn hijabin wasanni a ƙarƙashin kwalkwali ta auna da su a kanta. Mai tabarau ya sanar da shago, tun da akwai tabarau na musamman marasa faɗi da ake ɗaurewa da maɗauri domin shiga cikin kwalkwali, na yau da kullum kuwa yakan lanƙwashe ko ya danne gefen kai. Sannan ƙirar kai ta bambanta tsakanin mutane, kuma kwalkwalin da aka ɗinka aka ajiye a shago an yi shi ne a kan ƙirar da ta fi yawa a Japan. Wanda kansa ya fi tsawo daga goshi zuwa ƙeya yakan tarar katifar ba ta rufe bayan kansa yadda ya kamata ba. Saboda haka ka haɗa da hoton fuskarka ta gaba da ta gefe a cikin saƙon oda, kuma idan mai shago ya ce awonka yana bukatar a ɗinka maka naka, ka yarda da ƙarin kuɗin da jiran makonnin, domin a nan ne ƙarin kuɗi yake da ma'ana.

Game da ƙarfen ragar, iri biyu za ka fi gani. Akwai na gaurayen alminiyam da ake kira duralumin, mara nauyi kuma mai sauƙin kuɗi, akwai kuma na titaniyam wanda ya fi ƙarfi, ya ɗan fi nauyi, ya fi tsada. Na farkon ya ishe ka.

Safar hannu ita ce ta biyu a muhimmanci, kuma ita ce za ta fara mutuwa a cikin kayan. Ana auna zagayen tafin hannu ta kan gaɓoɓin yatsu huɗu ban da babban yatsa, da tsawon hannu daga layin tsintsiya zuwa ƙarshen yatsan tsakiya, wasu shagunan kuma suna neman zagayen sangalin hannu a inda ya fi kauri. Ka auna hannu biyun, domin ba safai suke zuwa ɗaya ba, kuma yana da kyau ka ɗora hannunka a kan takarda a zana shi, ka ajiye rula a gefe, ka ɗauki hoto ka aika. Safar da ta dace ita ce wadda idan ka riƙe takobin gora, yatsunka sun kusa kaiwa ƙarshe amma ba su tokare ba. Idan ta yi kaɗan, bugun da ya sauka a dunƙulen hannu zai matse yatsu ya fasa farce. Idan ta yi yawa, fatar tafin za ta naɗe tsakanin hannunka da mariƙi, ƙaramin yatsa da na kusa da shi na hannun hagu, waɗanda su ne ainihin masu riƙe takobi a kendo, su kasa kama abin da ya kamata su kama. Ɓangaren da ya rufe sangali kuma ba a matse igiyarsa har ya manne da fata, domin ɗan sararin da ke tsakani yana cikin abin da ke rage zafin bugu, musamman a hannun dama wanda shi ake sara a tsayuwar da kowa ke farawa da ita.

Tafin safar ana yin sa ko dai da fatar barewa da aka ƙyafe da hayaƙi, ko da fatar roba irin su Clarino. Fatar barewa ta fi daɗin riƙo kuma tana bin surar hannu, amma idan ta sha gumi ta bushe ba a miƙe ta ba, sai ta ƙandare ta tsage. A ƙasa mai zafi da laima duk shekara kamar inda kake, fatar roba mai ƙananan ramukan shan iska ta fi dacewa, akwai ma safar da aka yi gaba ɗaya da yadin da ake iya wankewa. Idan kuɗi ya yi saura bayan ka biya sauran kaya, safar hannu ta biyu za ka saya kafin kowane abu, domin ɗaya ta bushe yayin da kake amfani da ɗayar.

Garkuwar ƙirji da ɗamara ba sa bukatar dogon bayani. Tsayinka da zagayen ƙirji da na ciki da na ƙugu sun ishi mai shago ya zaɓa maka. Garkuwa ta gargajiya ana yin ta da tsage-tsagen gora 50 ko 60 da aka lulluɓe da fata aka shafe da varnishin itace na Japan, tana da kyau da nauyi da tsada, amma ta roba mai tauri tana kare haƙarƙari yadda ake bukata, ba ta damu da laima ba, kuma tana shekaru. Abin lura kawai shi ne faɗinta: kada gefunanta su cije ka a haƙarƙari, kada kuma su buɗe har takobi ya sami hanyar shiga hammata. Idan an ɗaura, ƙasanta ya rufe yawancin maɗaurin ɗamara, samanta kuma kada ya tokari allon maƙogwaro idan ka motsa kai. Ka zaɓi baƙa mai sauƙin ado. A ɗakin atisayen kendo ana son ɗan koyo ya zo da kaya marasa ɗaukar ido, layukan kwalliyar da ake jerawa a harsunan ɗamara kuwa farashi kawai suke ƙarawa.

Za ka ci karo da wani nau'in sulke da ake tallatawa a matsayin na gasa, mara nauyi, mai siririyar katifa da gajerun kafaɗu. An yi shi ne domin 'yan wasan da suka riga suka ƙware, masu neman sauri a karawar 'yan mintuna, kuma yawancinsu suna da wani sulken dabam na atisayen yau da kullum. Rage kayan ya yi yawa har Hukumar Kendo ta Japan, wadda aka kafa a 1952, ta gyara dokokinta a 2019, ta ce katifar kwalkwali dole ta kai tsawon da za ta kare gaɓar kafaɗa, safar hannu ta rufe aƙalla rabin sangali, kuma yankan da ake yi wa bakin safar kada bambancin dogon gefensa da gajeren ya wuce santimita 2.5. Ka tambayi mai shago a rubuce ko kayan sun cika waɗannan sharuɗɗa, domin ranar da za ka shiga gasa kada a mayar da kai a teburin duba kaya.

Gwanjo yana da wurinsa, amma ba a kowane ɓangare ba. Garkuwar ƙirji da ɗamara na hannu babu laifi a kansu muddin babu tsagewa a garkuwar, madaukan fatar da igiya ke ratsawa ba su ruɓe ba, igiyoyin ɗamarar kuma ba su kusa tsinkewa ba. Kwalkwali kuwa ya riga ya ɗauki surar fuskar mai shi na farko, katifar tsakar kansa wataƙila ta mutu saboda shekarun bugu, kuma wannan ba a gane shi a hoto. Ban yarda ka sayi kwalkwalin gwanjo ba sai wanda ka saka a kanka, malaminka ya duba tagar ido, ya kuma tabbatar babu sandar ƙarfe da ta lanƙwashe ko take motsi. Safar hannu ta gwanjo yawanci tafinta ya kusa hujewa, kuɗin gyaranta kuma ya kusa na sabuwa. Babu dokar da ta ce kayan huɗu su fito daga shago ɗaya, saboda haka idan aljihu ya matsa, ka karɓi garkuwa da ɗamara daga hannun wani babban ɗalibi ko daga kayan aro na ƙungiyarku, ka sayi kwalkwali da safa sababbi daidai da awonka. Wannan tsari ya fi sayen cikakken saiti mai arha daga wurin da bai tambaye ka awo ba. Shagon da ya ce ka zaɓi ƙarami ko matsakaici ko babba kawai, bai nemi awon fuskarka ba, ka bar masa kayansa.

A farashin 'yan shekarun nan, cikakken saitin ɗinkin keke mai kyau na masu farawa yakan kama daga dala 300 zuwa 500, ɗinkin hannu kuwa daga dala dubu yake tashi. Kada ganin an rubuta cewa an ɗinka a Sin ko Biyetnam ya dame ka, domin yawancin sulken wannan farashi a can ake yin sa, har da wanda shagunan Japan ke sayarwa, abin dubawa shi ne wanda ya tsara shi kuma ya tsaya a kan ingancinsa. Ka saka kuɗin aikowa da kuɗin fito a lissafinka tun farko, tun da kwalin babba ne, kuma ka tambayi malaminka ko ƙungiyarku tana yin oda a haɗe, domin hakan yana rage kuɗin aikowa, shagon da ya san malamin kuma yakan fi kula da awo. Ka tabbatar saitin ya haɗa da igiyoyin kwalkwali da na garkuwa da 'yan madaukan fatar da ake ɗaura su a kai. Za ka bukaci jaka, da ƙyallen kai da ake kira "tenugui" guda biyu ko uku, da jakar suna da ake sakawa a harshen tsakiya na ɗamara, wadda sai ka tambayi malami yadda ake rubuta sunan ƙungiya a kanta kafin ka bayar a yi. Ka ƙara takobin gora ɗaya a kan wanda kake da shi, domin daga ranar da aka fara sara a kan ƙarfe da garkuwa, gora takan fara tsagewa, kuma ba a atisaye da tsagaggiya. Na namiji baligi shi ne mai lamba 39, tsawonsa bai wuce santimita 120 ba, nauyinsa bai gaza giram 510 ba, na mace kuma bai gaza giram 440 ba.

Ranar da kayan suka iso, kada ka jiƙa igiya ko ka lanƙwasa katifa sai ka gwada, domin shaguna ba sa karɓar abin da aka yi amfani da shi, kuma ya kamata ka karanta sharaɗin canji tun kafin ka biya. Ka naɗa ƙyallen kai, ka fara saka haɓa a matashinta, sannan ka tura fuska har goshi ya taɓa nasa matashin. Haɓa da goshi su zauna a lokaci guda, hanci kada ya taɓa ƙarfe, ka iya buɗe baki ka yi kururuwar kendo, idan ka girgiza kai kwalkwalin ya bi ka. Sabon kwalkwali yakan ɗan matse kumatu, wannan zai saki cikin makonni. Idan ya ɗan yi yawa kaɗan, akwai matashin da ake ƙarawa a haɓa ko a goshi ya gyara. Idan kuwa ya yi kaɗan har haɓarka ta kasa shiga mazauninta, ko idonka ya faɗa bayan sandar ƙarfe, to babu dabarar da za ta gyara shi, ka mayar, ka ci gaba da na aro har na daidai ya zo.

Idan komai ya zauna, sai kula. Rinin baba na gaske zai bar maka shuni a fuska da hannuwa da wuyan riga a makonnin farko, wannan ba aibi ba ne, kuma jiƙa sababbin igiyoyi a ruwa a miƙe su kafin amfani yana rage zubar. Bayan kowane atisaye ka fitar da kayan daga jaka da zarar ka koma masauki, ka goge cikin kwalkwali da ƙyalle mai ɗan danshi, ka miƙe tafin safa da yatsunka, ka shanya su a inuwa inda iska ke ratsawa ko a gaban fanka. Rana kai tsaye tana ƙandarar da fata tana kuma kashe launi, barin kaya a rufe cikin jaka kwana ɗaya a irin laimar Malesiya kuwa ya isa fumfuna ta kama su.

Ɗaurin kwalkwali na farko ka yi shi a gaban malami ko babban ɗalibi. Ƙullin yana zama a ƙeya daidai da layin ido, kuma madaukai da jelar igiyar da suka sauko daga ƙullin su zama tsawo ɗaya, kada su wuce santimita 40, abin da ya yi saura a yanke. Bayan ka ɗaure, ka saka yatsu ka ɗan janye katifar daga bayan kunnuwanka domin a sami hanyar da iska za ta fita. Idan katifar ta manne da kunne ta toshe shi, saran da ya kauce ya sauka a gefen kai yana iya matsa iskar ciki ta fasa dodon kunne, kuma wannan rauni ne sananne a kendo. Idan hakan ta taɓa faruwa, ka ji kunnenka ya toshe ko yana ƙara bayan bugu, ka tsaya nan take, ka cire kwalkwali, ka je likita ya duba kafin ka sake saka shi.